Sabon allo, tsohon hoto: Abin da falukan Gwarinpa ke jira daga Mpape

Duk ƙarshen wata, da zarar albashi ya faɗa asusu, shagunan kayan lantarki na titin 3rd Avenue a Gwarinpa sukan ɗauki kwalliya ta musamman. A jera manyan talabijin a jikin bango a kunna su gaba ɗaya, wannan na nuna kifaye masu launi suna shawagi cikin ruwa, wancan na nuna tsuntsun da ake iya ƙirga gashin fiffikensa ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin da ya shekara goma yana fama da tsohon akwati mai doro, ko ƙaramar filasmar da ta zo cikin kayan ɗakin uwargida, ya tsaya ya ƙura ido, zuciyarsa ta raya masa cewa lokaci ya yi. A yi ciniki, sau da yawa da kuɗin adashi ko rancen ƙungiyar taimakon juna ta ofis, a ɗora kwali a bayan mota, a kira mai huda bango ya kafa. Yara su kewaye, maƙwabci ya leƙo ya sa albarka. Daga nan a kamo labaran ƙarfe tara. Fuskar mai karanta labarai ta fito ƙatuwa amma a dagule, rubutun da ke gudana a ƙasan allo ya yi gashi-gashi, rigar ɗan ƙwallo ta narke cikin ciyawa. Maigida ya danna rimot, ya ƙara haske, ya rage launi, ya buga wa mai shago waya. Kifayen nan dai ba su biyo shi gida ba.

Mai shago bai cuce shi ba, allon kuma lafiyarsa ƙalau. Kifayen da tsuntsun hotuna ne da kamfani ya ɗauka musamman domin tallar kaya, suna fitowa ne daga cikin na'urar ko daga ƙaramin filash da aka maƙala a bayanta. Abin da ke shigowa falo daga waje wani abu ne dabam. Allo ba ya ƙirƙirar hoto, abin da aka aiko masa shi yake shimfiɗawa, kuma gwargwadon girmansa gwargwadon yadda yake tona asirin abin da aka aiko. Ƙaramin akwati yana rufa wa raunanan hoto asiri, babban allo kuwa ba shi da kunya.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Kowane hoton talabijin tarin ɗigo-ɗigo ne. Tsohon ma'aunin da gidajen talabijin na Najeriya suka daɗe a kansa yana da layi 576, kowane layi ɗigo 720, jimilla ɗigo dubu 415 ko kusa da haka. Cikakken hoto mai tsabta, wanda ake kira HD, layi 1,080 ne da ɗigo 1,920 a kowane layi, sama da miliyan biyu ke nan, wato ninki biyar na tsohon. Allon 4K da ya cika shaguna yanzu yana da ɗigo 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, kimanin miliyan takwas da dubu ɗari uku. Idan aka aika wa irin wannan allo tsohon hoto, kowane ɗigo ɗaya dole a miƙe shi ya rufe wurin ɗigo ashirin. Na'urar tana da dabarun cike giɓi, tana kintace tana shafe gefuna, amma abin da kyamara ba ta ɗauko ba, ko wanda ya zube a hanya, babu dabarar da za ta dawo da shi. Saboda haka tambayar da ta fi girman allo muhimmanci ita ce: ta wace hanya hoton zai shigo gidan, kuma wa ke karɓar kuɗin hanyar?

Hanyoyin uku ne. Ta farko, wadda ta fi shahara a Gwarinpa kamar yadda rufin gidajen unguwar ke shaidawa, ita ce ta dish da dikoda da biyan kuɗin wata. Nan ne ake samun hoto mai tsabta na gasar ƙwallon Ingila da finafinai, kuma nan ne aljihu ke ji a jikinsa. A watan Maris na 2025 kamfanin MultiChoice ya ɗaga kuɗin tsarin DStv Compact zuwa naira 19,000 a wata, babban tsarin Premium kuma zuwa naira 44,500. A shekara, na farkon ya kama naira 228,000, na biyun naira 534,000. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000 ne. Ke nan kuɗin kallon babban tsarin na wata guda ya kusa cinye kashi biyu cikin uku na abin da doka ta ce a biya ƙaramin ma'aikaci. Kamfanin yana da hujjarsa, domin haƙƙin nuna wasanni da hayar tauraron ɗan'adam da kuɗin waje ake biyansu, naira kuwa ta faɗi warwas tun tsakiyar 2023. Hujjar ba ta hana masu biya guduwa ba: kamfanin da kansa ya bayyana cewa ya rasa fiye da masu biya miliyan ɗaya a Najeriya cikin shekara biyu. Wanda ya kafa sabon allo a kan wannan hanya ya sayi gida ne a filin haya.

Hanya ta biyu ita ce intanet. Yawancin sababbin talabijin suna zuwa da YouTube da Netflix a cikinsu, kuma ta nan ne kawai mafi yawan masu allon 4K za su taɓa ganin hoton da ya cika allonsu. Sai dai data ba ruwan rijiya ba ce. Bisa ƙiyasin Netflix, kallon sa'a ɗaya cikin HD yana iya cin gigabait uku, na 4K kuma har gigabait bakwai. Iyalin da ke kallon sa'a biyu kacal kowane dare cikin HD za su ƙone gigabait 180 a wata, ban da abin da wayoyin gidan ke sha. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Ga kuma cunkoson layi da dare, lokacin da kowa ya dawo gida, inda hoton da ya fara tas yakan koma dishi-dishi a tsakiyar fim, ko ya tsaya cak yana juya ƙawanya.

Duka hanyoyin biyu a kan wutar lantarki suka dogara. Tun Afrilun 2024 gidajen da aka sa a rukunin Band A suke sayen yunit ɗaya a kan fiye da naira 200. Allo mai inci 55 da ke jan wat ɗari, idan ana kunna shi sa'a shida a rana, zai ci yunit 18 a wata, sama da naira 3,600, ban da dikoda da na'urar intanet da lasifika. Ranar da wuta ta ɗauke sai janareta, a farashin man da kowa ya sani tun bayan 29 ga Mayun 2023, ko kuma inbata da faifan sola ga wanda ya iya. Kuɗin da aka biya a shago, ashe, kafin alƙalami ne kawai.

Akwai hanya ta uku, wadda ya kamata a ce ita ce mafi sauƙi: eriya a kan rufi ko a bakin taga, hoto ya shigo ta iska, ba kuɗin wata, ba data. A ƙasashe da dama wannan hanya tana kawo tashoshin ƙasa cikin hoto mai tsabta. Sharaɗinta ɗaya ne, sai ƙasa ta bar tsohon tsarin watsa shirye-shirye na analog ta koma na dijital. Mazauna Abuja, da suka san darajar fuloti, za su fahimci bambancin cikin sauƙi. Zangon da ake watsa shirye-shirye a kansa fili ne mai iyaka, mallakar ƙasa. A tsarin analog kowace tasha tana mamaye fuloti guda ta gina ɗaki ɗaya. A tsarin dijital na DVB-T2, wanda Najeriya ta zaɓa, fulotin nan guda yana ɗaukar bene: tashoshi fiye da goma masu matsakaicin hoto, ko 'yan kaɗan masu hoton HD. Filin da ya rage kuma sai a sayar wa kamfanonin waya su faɗaɗa intanet.

Wannan ba sabon ilimi ba ne ga gwamnati. A 2006, a birnin Geneva, ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka rattaba hannu ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, cewa za a kammala ƙaurar nan zuwa 17 ga Yunin 2015. Najeriya ta nuna zumuɗi, ta sa wa kanta 17 ga Yunin 2012, shekara uku kafin kowa. Ranar ta zo ta wuce. Ta 2015 ma ta wuce. Aka sa Yunin 2017, ita ma ta bi 'yan'uwanta. A tsakanin nan Amurka ta kashe manyan tashoshinta na analog a Yunin 2009, Birtaniya ta kammala a Oktoban 2012. Wanda zai ce waɗancan masu arziki ne, sai ya dubi Tanzaniya da ta fara kashe analog a Dar es Salaam a daren ƙarshe na 2012, da Ruwanda da ta gama a 2014, da Kenya da ta haye a 2015 duk da shari'o'i da rigima da manyan gidajen talabijin nata.

Ba a ce ba a yi komai ba. Ranar 30 ga Afrilun 2016 aka fara gwaji a Jos. Ranar 22 ga Disamban shekarar aka yi bikin Abuja a kan tudun Mpape, wanda daga Gwarinpa bai kai tafiyar rabin sa'a ba idan hanyar Kubwa ta yi sarari. Aka yi jawabai, aka yi alƙawarin tashoshi talatin a ƙarƙashin sunan FreeTV, da dikoda mai rangwame a kan naira 1,500, da kuɗin shekara naira 1,000. Daga baya aka yi irin wannan biki a Ilorin da Kaduna a Disamban 2017, a Enugu da Osogbo a farkon 2018. Sai aka yi shiru na shekara uku, kafin Legas a Afrilun 2021 da Kano a Nuwamban shekarar. Jihohi bakwai ke nan da Babban Birnin Tarayya cikin shekara biyar da rabi, a ƙasa mai jihohi 36. Ko a wuraren da aka yi bikin, ƙaddamarwa aka yi, ba kammalawa ba, domin kunna sabuwar na'ura a babban birnin jiha ba ya nufin sigina ya isa ƙauyuka, kuma ƙaura ba ta cika sai an rufe tsohon gida.

Abin da ke ƙara wa lamarin ciwo shi ne tarihin ƙasar a wannan fage. A Ibadan, a Oktoban 1959, gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta buɗe WNTV tun kafin samun 'yancin kai, lokacin da mafi yawan nahiyar ba su taɓa ganin talabijin ba. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe nata gidan a Kaduna. A tsakiyar shekarun 1970 gidan talabijin na jihar Binuwai-Filato a Jos ya fara watsa hoto mai launi, kafin a haɗe gidajen a kafa NTA a 1977. Mutanen da suka yi waɗannan ayyuka ba su da kwamfuta ko wayar hannu, da fayil da tafireta suka yi su. Jikokinsu a ofis, da duk kayan zamani a gabansu, sun doshi shekara ashirin suna ɗage ranar tarewa.

Dalilan tsaikon sanannu ne. Akwai ƙarancin kuɗi da rashin sakin wanda aka ware a kan lokaci. Akwai taƙaddama tsakanin hukuma da kamfanonin da aka ba lasisin rarraba sigina da masu harhaɗa dikoda, wadda ta sha kai wa ga kotu. Akwai faɗuwar naira, wadda ta mayar da dikodar naira 1,500 labarin da. Sai kuma wata cuta da duk wanda ya yi aiki a Sakatariyar Tarayya ya san ta: son ranar yanke ƙyalle fiye da shekarun gyara da kula da ke biyo bayanta. Ƙaddamarwa tana da hoto a jarida da suna a jikin allon marmara. Sayen man janaretan tashar da ke kan tudu, da biyan injiniyan da zai hau hasumiya cikin damina, ba su da mai tafa musu. Kowane sabon minista kuma yakan tarar da fayil ɗin ya yi kauri, ya kafa kwamiti, kwamiti ya sa sabuwar rana.

Akwai masu ganin cewa duk wannan kuka ne a kan mataccen zance. A cewarsu duniya ta wuce eriya, matasa a waya suke kallo, mai hali yana da dish, kasuwa ta riga ta warware matsalar da gwamnati ta kasa. Gara a kai kuɗin asibiti da makaranta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma a cikin falon babban darakta a Gwarinpa tana iya zama gaskiya tsantsa. Sai dai unguwar ba ta darakta kaɗai ba ce. Rukunin gidajen da aka gina zamanin Janar Sani Abacha, wanda ake yawan kira mafi girma a Afirka ta Yamma, yana tsaye ne a kan guminsu masu gadi da direbobi da masu wanki da 'yan acaɓa da masu sayar da ruwa, waɗanda ke kwana a ɗakunan baya ko su tafi Kubwa da Dei-Dei da Karmo da dare. A garuruwan da suka fito, daga Malumfashi zuwa Gumel, iyayensu ba su da dish, data kuma ta gaisuwa ce. Ranar da Super Eagles suka buga wasan ƙarshe na Kofin Afirka da Kwaddibuwa a Fabrairun 2024, ko daren da ake bayyana sakamakon zaɓe, ko lokacin da hukumar lafiya ke gargaɗi kan annoba, ɗan ƙasa bai kamata ya nemi izinin kamfani ko ya biya kuɗin gidan kallo kafin ya ga abin da ya shafi ƙasarsa ba. Talabijin na kyauta shi ne dandalin da mai kuɗi da talaka ke haɗuwa su ga abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ƙasar da ta bar wannan dandali ya zama kango ta yarda ke nan a raba 'ya'yanta gida biyu, masu gani tas da masu gani dishi-dishi.

Sannan akwai batun abin da ake kallo. Waɗanda suka girma a shekarun 1970 da 1980 suna tuna yadda unguwa kan taru a gidan mai talabijin domin Samanja, wasan da Usman Baba Pategi ya yi suna da shi daga Kaduna. Basirar ba ta ƙare ba. Tun da Arewa24 ta fara a 2014, shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in sun nuna cewa masu jin Hausa za su zauna su kalli nasu idan an yi shi da kyau, kuma Labarina na Aminu Saira ya tara dubban ɗaruruwan masu kallo a YouTube. Matasan Kano da Kaduna da Jos suna ɗaukar fim da kyamarori masu hoton HD da ma fiye. Abin da suka rasa shi ne babbar kasuwa ta cikin gida: tashoshi da yawa masu isa kowane gida, da sahihin ƙidayar masu kallo da zai sa mai talla ya zuba kuɗi da natsuwa. Tsarin dijital ne aka yi alƙawarin zai samar da wannan. Rashinsa ya sa ladan aikinsu ya rataya a kan kamfanonin da ke yanke hukunci daga wata nahiya. Yaron Gwarinpa kuma, da ya saba ganin zanen yara na ƙasashen waje tas-tas, sannan ya ga tashar ƙasarsa a dagule, yana koyon wani darasi da babu malamin da ya koya masa: cewa abin gida shi ne mara kyau.

Hatta hujjar cewa kowa ya koma waya, idan aka bi ta a hankali, tana goyon bayan a gama aikin ne. Zangon da tashoshin analog suka mamaye yana cikin mafi daraja ga intanet ɗin waya, saboda siginarsa tana tafiya nesa kuma tana ratsa bango. Tun 2015 aka ba MTN wani yanki na zangon 700, da niyyar a yi amfani da kuɗin wajen aikin ƙaurar. Duk shekarar da aka ƙara ana jan ƙafa, filin da ya kamata ya kawo wa baitulmali kuɗi, ya kuma kai intanet mai ƙarfi karkara, yana nan ɗaki ɗaya a tsakiyar fuloti. Mai kallo a waya da mai kallo ta eriya jirgi ɗaya ya kwaso su.

Wajibi ne kuma a faɗi abin da masu jawabin biki ba su cika faɗa ba: dijital ba ita ce HD ba. Dijital hanya ce mai faɗi, HD kaya ne da ake ɗorawa a kanta. Ana iya kammala ƙaura a ci gaba da aika tsohon hoto mai layi 576, sai dai ya zo ba yayyafi ba inuwa. Kafin allon da ke falo ya cika, sai kyamarar ɗakin labarai da na'urar tacewa da layin da ke kai hoto tasha duk sun zama na HD, sannan mai rarraba sigina ya ware wa tashar isasshen wuri. Gidajen talabijin na jihohi da dama suna aiki ne da kayan da suka girmi wasu ma'aikatansu. A 2024 an sanar cewa Shugaba Bola Tinubu ya amince da naira biliyan 10 domin farfaɗo da aikin, daga baya kuma Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta bayyana shirin haɗa hannu da kamfanin NigComSat domin isar da tashoshin ta tauraron ɗan'adam. Tauraro yana da fa'idar isa lungun da hasumiya ba ta kai ba. Amma yana buƙatar dish da mai ɗaurawa, kuma yana tayar da tambayar makomar hasumiyoyin da aka riga aka kashe wa kuɗi da dikodojin da jama'a suka riga suka saya. Sauya doki a tsakiyar rafi yana buƙatar bayani, ba sanarwa kawai ba.

Abin da ya rage ba ya buƙatar wani sabon taron ƙara wa juna sani. Ya kamata NBC ta wallafa taswirar da ke nuna, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, inda sigina ke isa yau da inda ba ya isa, domin ɗan ƙasa ya daina cinikin biri a sama. Ya kamata a fito da lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe tun daga 2015, kwamitocin Majalisar Tarayya masu kula da watsa labarai su bi shi layi-layi. Ya kamata a tsayar da ƙa'ida cewa manyan tashoshin ƙasa, NTA a kan gaba, za su riƙa zuwa cikin HD a tsarin kyauta, a sa kuɗin kayan aikinsu a kasafi a kuma saki kuɗin. Ya kamata Hukumar Kula da Ingancin Kaya, SON, da Hukumar Kwastam su tabbatar duk talabijin da ke shigowa ƙasar yana ɗauke da na'urar kama DVB-T2 a cikinsa, a kuma rubuta hakan a jikin kwali da harshen da mai saye zai gane. Ya kamata a yi tanadin inda tsofaffin akwatuna masu doro za su ƙare, domin gilashinsu yana ɗauke da dalma, kuma bola ko hannun yara masu jari-bola ba wurinsu ba ne. Sannan a sa rana ɗaya ta rufe analog, wadda aka gina a kan lissafi, a tsaya a kanta. Kyan alƙawari cikawa.

Kafin wannan rana, mai niyyar sabunta talabijin ɗinsa yana da abin da zai kare kansa da shi. Ya fara auna falonsa kafin ya auna allon: idan kujera ta yi nisan da ya wuce mita biyu da ɗoriya daga allo mai inci 55, ido ba ya bambance 4K da cikakken HD, ƙarin kuɗin ya tafi a banza. A shago ya ce a cire kifayen, a kamo masa tashar da yake kallo kullum, domin gani ya kori ji. Ya duba bayan na'urar ko takardarta ya tabbatar akwai DVB-T2. Ya tabbatar dikodarsa ta HD ce, kuma da wayar HDMI aka haɗa ta, domin wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, ba ta ɗaukar hoto mai tsabta ko da tashar ta aiko shi. Gidaje da yawa suna biyan kuɗin HD duk wata suna zubar da shi a wannan 'yar waya. Ya sayi abin kare na'ura daga hauhawar wuta, ya karɓi rasit da takardar garanti mai hatimi. Sama da duka, ya haɗa kuɗin shekara guda na kallo da data da wuta ya ɗora a kan farashin allon, sannan ya tambayi kansa ko albashin zai ɗauka ba tare da an taɓa kuɗin makarantar yara ba. Wani lokaci allo mai inci 43 da hoto mai kyau ya fi mai inci 65 da ke faɗaɗa dishi-dishi.

Sai dai mazaunin Gwarinpa ba kamar sauran masu saye ba ne, kuma nan ne zancen ya dawo gida. Mutumin da ke tsaye da rimot da dare yana tsaki, shi ne da safe yake zaune a Radio House ko ofishin kasafi ko ɗakin hadiman wani sanata. Ta teburinsa takardar neman sakin kuɗi ke bi. Shi ke rubuta wa minista jawabi, shi ke tsara tambayoyin da shugaban kwamiti zai yi ranar kare kasafi, shi ke yanke shawarar fayil ɗin da zai hau sama yau da wanda zai kwana a tire. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan mai ɗakin kuwa har da tsani a hannunsa. Hoton da ya dagule a bangon falonsa bai lalace a shagon 3rd Avenue ba. Ya lalace ne a wani wuri tsakanin Geneva da Mpape, a cikin takardun da wasunsu ke jiran sa hannu a ofishin da zai shiga gobe da ƙarfe takwas.